Ba Madu, Surukinsa da Kwamfutar Surfani

Ba Madu Ajimi shekararsa sittin da bakwai, tela ne a unguwar Gwange cikin Maiduguri, kuma mutanen layinsu sun yarda shi ne ya fara kawo keken surfani mai kwamfuta unguwar. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. A ciki akwai keken, da tebur, da benci, da wata farar kwamfuta wadda tsufa ya mai da ita ruwan ƙasa. Hausarsa ta kasuwa ce, tana tafiya daidai har sai ransa ya ɓaci, sannan Barbarci ya karɓe ta.

Da keken ƙafa ya fara sana'a. Keken kwamfutar a Kano ya sayo shi, tun kafin gari ya rikice, aka haɗo shi da wani ma'aikaci da ya zo ya kafa masa, ya nuna masa inda ake dannawa, ya koma. Ba Madu ya haddace abin kamar hanyar masallaci. Idan ya kunna, hoton wani tudu mai ciyawa zai fito. A kusurwar hagu akwai ɗan hoton allura. Ya danna allurar, ya zaɓi zane, keke ya kama aiki. Bai taɓa tambayar sunan manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba. Masu boko suna ce mata Windows XP, shi kuma yana ce mata mai ciyawa.

Dukiyar shagon ita ce zane-zanen da ke ciki. Shekara da shekaru yana kai tsofaffin riguna wurin wani mai zane, har da rigar mahaifinsa, ana kwafo aikin hannun ana mai da shi abin da keke zai gane: aska biyu, aska takwas, tambarin baya, linzamin wuya iri-iri. Da abubuwa suka yi zafi mai zanen ya kwashe iyalinsa ya bar gari, bai bar wa kowa adireshi ba.

A shekarar 2013 aka sa dokar ta-ɓaci, aka kashe sabis ɗin waya a jihar. Mutane suka rasa abin yi da wayoyinsu sai sauraron karatu da waƙa, don haka duk mai memori ko filas a layin ya riƙa zuwa shagon Ba Madu a kwafa masa abin da ke na maƙwabcinsa. Ba Madu ba ya iya hana kowa. Kwamfutar ta kwashi bairos ta yi nauyi, har ta kai idan ya kunna ta da safe yakan je ya sha shayi ya dawo kafin ciyawar ta fito.

Ya faɗi haka sau ɗaya a gida, a gaban matarsa Ya Fanna. Ita ta faɗa wa 'yarsu Siddiƙa, wadda ba ta daɗe da tarewa a Ajilari ba. Siddiƙa ta faɗa wa mijinta, Mikail.

Mikail yana aiki ne a wani kafe na intanet mai farantin setilayit, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ake samun intanet a garin a wannan lokacin. Mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ne idan aka taɓo shi ba ya tsayawa, wato Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, kishiyar Windows. Ya riga ya ɗora ta a kan kowace kwamfuta ta kafen, ya sa musu burauzar Firefox ta shiga intanet, yana kuma yi wa masu zuwa aika saƙo bayanin amfaninta ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Da ya ji kwamfutar surukinsa na fama da bairos, sai ya ga Allah ya kawo masa hanyar yin abin kirki.

A gidan Ba Madu ana riƙe da kunyar surukuta yadda aka gada. Suruki yakan cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaisa kansa a ƙasa, ya tashi ya tafi. Ba a zama a yi hira, ba a haɗa ido, ba a tambayar juna komai. Idan ɗaya ya hango ɗaya a layi, yakan tuna yana da wata buƙata a wani layin. Saboda haka Mikail bai tambayi Ba Madu da me yake aiki a kwamfutar ba. Ya jira ranar Juma'a, ya yi sallarsa a masallacin da ke saurin idarwa, ya karɓi mukulli wurin Ya Fanna, ya shiga shago. Ya kwafe hotunan biki da karatun Alƙur'ani ya ajiye gefe, ya goge sauran, ya ɗora Linux. Ya share ƙurar tebur, ya kulle, ya tafi kafin mai shago ya dawo.

Washegari Ba Madu ya kunna kwamfuta, ya juya zai tafi shan shayi, sai ya ga har ta buɗe. Babu ciyawa. Allon ya zama ruwan goro. Ya duba kusurwar hagu bai ga allura ba, sai wata dabba mai jan gashi da ta naɗe jikinta a kan ƙwallo. Ya danna ta, ta nuna masa farin shafi. Ya kashe, ya kunna. Ya zare wayar keke ya hura mata iska ya mayar. Keken yana nan lafiya, fitilarsa na ci, amma kwamfutar ba ta san da zamansa a ɗakin ba.

A kan tebur kuwa akwai farar shaddar Alhaji Bala, an yanka, an haɗa, aiki kawai take jira. Alhaji Bala Bafulatanin Kano ne mai sayar da kwanuka a Bulabulin, abokin Ba Madu tun suna samari, kuma tun da suka san juna wani tela bai taɓa sa masa almakashi a yadi ba. Juma'a mai zuwa zai aurar da 'yarsa ta fari, ya ce aska takwas yake so, irin ta rigar mahaifin Ba Madu. Sauran masu irin wannan keken da Ba Madu ya sani sun rufe shago sun bar gari. Aikin hannu kuma wata da watanni yake ci.

Ba Madu ya koma gida ya ce da Ya Fanna, "Ki je ki gaya wa 'yarki ta gaya wa mijinta, kwamfuta ta daina ganin keke. Ya zo ya mayar da abin da ya cire."

Babu waya, babu babur tunda an hana hawansa, sai Ya Fanna ta yafa mayafi ta hau Keke Napep zuwa Ajilari. A hanya ta auna maganar. Aure sabo, yaro ya yi don Allah, ba za ta shiga ɗakin amarya da ƙorafi a kan mijinta ba. Da ta isa ta sha ruwa ta ce, "Babanki ya ce an gode, Allah ya yi albarka. Sai dai akwai ɗan abin da ya rage."

Siddiƙa ita ma ta auna. Da Mikail ya dawo ta ce, "Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce in ka samu sarari ka je ka ƙarasa."

Mikail ya samu sarari washegari, lokacin da ya san Ba Madu na wurin wata jana'iza. Ya ƙara wa kwamfutar abin kallon bidiyo, da wasan kati, da wata manhaja mai kiran salla. Bai tuna ya gaya mata garin da take ba. Ba Madu yana zaune da hantsi yana kallon shaddar Alhaji Bala sai kwamfuta ta kira magariba da ƙarfi. Mai shayin da ke gefen shago ya leƙo ya ce, "Ba Madu, naku azumin har an sha ruwa?"

Saƙo na biyu ya fi na farko zafi, rabinsa ma da Barbarci ya fito. Abin da ya ce shi ne yaron nan ya kashe masa sana'a, tun Asabar bai ɗinka ko zare ɗaya ba, yana zaune kamar mai gadi. Ya Fanna ta sake hawa Keke Napep. Ta ce da Siddiƙa, "Babanki kwana biyun nan aiki ya yi masa sauƙi, yana zaune." Siddiƙa ta ce da mijinta, "Baba yanzu hutawa yake yi." Mikail ya yi murmushi ya ce dama burinsa ke nan, dattijo ya samu ya huta.

Ranar Talata Alhaji Bala ya zo ganin rigarsa. Ya ɗaga shaddar, ya juya gaba, ya juya baya.

"Babarbare, wannan aikin naka da farin zare ka yi shi a kan fari har ba na gani, ko idona ne ya mutu?"

"Zauna, Fulata. Akwai magana."

"Ba zan zauna ba. Mutane za su taso daga Kano, su bi wannan hanyar da ransu a hannu, su zo su same ni da riga kamar likkafani?"

Ba Madu ya ba shi labari. Alhaji Bala ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ka kira yaron ka gaya masa mana."

"Mijin 'yata ne."

"Na sani, ai ni na yi walicci. Bakinka ne ke ciwo?"

"Ku Fulani da kuka zauna a Kano kun sayar da kunyarku kun sayi kwanuka."

Alhaji Bala ya ajiye shaddar. Ya fita, ya tari Keke Napep, bai daɗe ba sai ga shi riƙe da hannun rigar Mikail. Ya tura shi ƙofar shago ya ce, "Ga shi nan. Ni ba surukin kowa ba ne a nan, ina waje ina shan shayi, kuma ba mai fita sai an gaya mini ranar da zan karɓi rigata."

Mikail ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Wushe, Baba." Ba Madu ya amsa yana kallon bango. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, gaisuwa ta ƙare. Ɗakin ya yi shiru. Mai shayi ya ce shi a zatonsa sun fita ta taga.

Can Ba Madu ya gyara kujerarsa ya fuskanci kwamfuta, ya yi gyaran murya.

"Ke kwamfuta," ya ce, "shekara nawa muna tare ban taɓa zaginki ba. Kina da nauyi, na haƙura. Yanzu an yi miki sabuwar riga, kin yi kyau, kina tashi da wuri, har salla kike kira ba lokacinta ba. Amma kin daina gaisawa da keke. Ina allurar da ke nan kusurwa? Ina askata takwas?"

Mikail ya ɗago kai kaɗan, shi ma ya dubi kwamfutar.

"Kwamfuta," ya ce a hankali, "ki gaya wa Baba wanda ya taɓa ki bai san akwai manhajar keke a cikinki ba. Da ya sani da bai taɓa ba."

"Tambaye shi, abin da aka cire yana mayuwa?"

"Ki ce masa manhajar keken ba ta zama a kan wannan sabuwar. Sai an dawo da tsohuwar, sannan a nemo ta keken a ɗora."

"To ki ce masa Juma'a ɗaurin aure."

"Ta ji, Baba," in ji Mikail, sannan ya gane abin da ya yi, ya sunkuyar da kai.

Faifan da ya zo da keken ya daɗe da ɓata. Mikail ya koma kafe ya nemo shafin kamfanin da ya ƙera keken, ya ga manhajar tana nan, amma maɓallin saukewa ba ya motsi. A ƙasan shafin an rubuta da ƙananan haruffa cewa sai da burauzar Internet Explorer, mai shuɗin harafi, wadda ke zuwa tare da tsohuwar Windows. Ya bi kwamfutocin kafen ɗaya bayan ɗaya, duk da ya san amsar, domin shi da hannunsa ya raba su da ita. Ya roƙi mai kafen a mayar da guda ɗaya yadda take a da. Mai kafen ya ce wata uku Mikail ya yi yana cika masa kunne kafin ya yarda aka canza, ba zai sake wani canjin ba ko da za a dawo da sabis gobe.

Masu sayar da faifai a kasuwa duk sabuwar Windows ce da su, manhajar keken kuma tsohuwar ta sani. Aka yi ta tambaya har aka dace da Madam Salomi, tsohuwar mai buga takardu a Bulabulin, wadda ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta buɗe shagon kanta. Mikail ya san ta. Ya taɓa shiga shagonta ya ce kwamfutarta ta gidan tarihi ce, ta kore shi da tsintsiya.

"Au, Malam Sabon Zamani," ta ce da ta gan shi. "Ka zo kai ta gidan tarihin ne?"

Ya yi bayani. Ta sa shi ya maimaita wurin da ya ce ya yi kuskure, wai fanka na ƙara ba ta ji ba. Sannan ta ce faifanta ba ya kwana a waje, ba ya kuma tafiya shi kaɗai. Ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a jaka, ta ɗauki lema, ta bi shi har Gwange. Ta zauna a bencin Ba Madu tana cin gyaɗa tana lura da hannun Mikail har aka gama. Da tudun nan mai ciyawa ya fito a allo, Ba Madu ya ce, "Lale, lale," kamar wanda ɗansa ya dawo daga tafiya.

Saura a kai kwamfutar inda intanet yake. Masu Keke Napep biyu suka ƙi ɗauka, suka ce ba za su tsaya yi wa kowa bayanin akwati mai wayoyi a shingen bincike ba. Ranar Laraba da safe Mikail ya ari baro, ya shimfiɗa bargo, ya ɗora kwamfutar ya tura. Ba Madu ya ce ba zai sake barinta ta fita idonsa ba, amma kuma ba zai jera da suruki a titi ba, don haka ya wuce gaba da tazara mai kyau, yana waiwaye.

A shingen 'yan gora, samarin sa-kai masu tsaron unguwa, aka tsayar da baro.

"Kayan wa?"

Mikail ya nuna bayan Ba Madu da haɓa. "Na wancan dattijon."

"Kun san juna?"

Aka kira Ba Madu ya dawo. Ya tsaya yana kallon sama, Mikail yana kallon ƙasa. Shugaban shingen ya dube su ya ce mutum biyu da kaya ɗaya, ba mai kallon wani, wannan abin a bincika ne. Sai wata mai ƙosai a gefe ta ce, "Kai, bar su su wuce, ba ka ga surukai ba ne?" Aka yi dariya aka ɗaga igiya.

Saukewar ta ci yinin nan duka. Layin intanet yakan yanke a koma farko, masu jiran aika saƙo suna tsaki. Ba Madu ya zauna a waje ƙarƙashin dalbejiya bai ci komai ba. Suka dawo Gwange ana gab da fara dokar hana fita.

Ranar Alhamis da safe allura ta dawo kusurwarta. Ba Madu ya danna, keke ya yi ƙara ya motsa kai. Ya buɗe wurin zane. Babu aska takwas, babu aska biyu, babu tambari. Zane-zanen nasa a cikin tsohuwar manhajar suke zaune, sun tafi tare da ita tun ranar Juma'ar farko. Abin da ya samu shi ne 'yan samfuran da kamfani ke haɗowa da ita: agwagwa, jirgin ruwa, 'yar tsana riƙe da fure, da wani tauraro mai rassa shida. Mikail, daga bakin ƙofa, ya gaya wa kwamfuta cewa wannan hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ce, irin wadda ke zuba a ƙasashen sanyi.

Ba Madu ya daɗe yana kallon allon. Bai ce komai a kan rigar mahaifinsa ba, a ranar ko bayanta. Ya tambayi kwamfuta ko ana iya ƙara wa tauraron girma, aka ce ana iyawa. Ya sa babba ɗaya a baya inda tambari ke zama, ya jera ƙanana suka zagaye wuya, ya tara wasu a kan aljihu suna gangarowa, duk da zare ruwan toka. Ya gama da la'asar.

Alhaji Bala ya zo ya ɗaga rigar.

"Ina askar?"

"Babu."

"Wannan mene ne?"

"Ƙanƙara."

"A Maiduguri?"

"Akwai agwagwa in ka fi so."

Alhaji Bala ya naɗe rigar ya sa a hammata ya fita ba sallama. Ya sa ta ranar Juma'a domin ba shi da wata. Baƙin Kano suka yi ta shafa aljihun suna tambayar ko daga Dubai aka kawo, shi kuma yana cewa su ci abinci. Sallah biyu bai kawo wa Ba Madu ɗinki ba, ko da yake bai kai wa wani ba, tsofaffin rigunansa ya yi ta sawa. A ta uku ya aiko da shadda, da saƙon cewa a yi masa irin na wancan karon amma kada a ɗauka ya huce. Kafin nan samarin Gwange sun riga sun sa wa aikin suna Ba Sabis, kuma shi aka fi nema a shagon har yau. Aska takwas ba ta dawo ba. Ba Madu ya sa an sake zana masa wata, ya ce ba ita ba ce.

Mikail yanzu 'ya'yansa uku da Siddiƙa, yana da shagon gyaran kwamfuta na kansa. Har yanzu shi da Ba Madu ba su taɓa zama sun yi hira ba. Idan magana ta kama dole, yakan zo shago ya durƙusa a bakin ƙofa, su biyun su fuskanci tebur.

A watan jiya Ya Fanna ta dawo daga Ajilari da labarin cewa an yi wata sabuwar Windows, kuma mijin Siddiƙa ya ce tana da kyau ƙwarai. Ba Madu bai aika da amsa ba. Ya kira mai walda ya auna kwamfutar, aka yi mata keji na ƙarfe da kwaɗo, aka kafe shi a jikin tebur. Ranar Litinin ya kwance kejin ya mayar wa mai waldar a baro, saboda an manta ba a bar ramin da wayar keke za ta bi ba.